Maigida da Uwargida a Kwamitin Makaranta

 

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, yara suka koma makaranta, akan kira iyaye babban taro domin a ji bayanin shekarar da ta wuce, a tsara aikin wadda aka shiga, a wasu makarantun kuma a sabunta shugabannin ƙungiyar iyayen yara. A irin wannan taro ne wata tambaya take yawan tasowa, musamman a ƙauyuka da ƙananan unguwanni inda masu iya karatu da rubutu ba su da yawa: shin ya dace a zaɓi mutum da matarsa su zauna a kwamiti ɗaya? Wasu suna ganin hakan alheri ne, tunda gidan da ya ba da mutum biyu ya fi kowa sadaukarwa. Wasu kuwa suna gunaguni a bayan ido, suna cewa an mayar da makaranta gandun gidan wane. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Abin da muke gani a wannan fili shi ne, miji da mata suna iya yi wa makaranta hidima tare, har ma akwai ayyukan da babu mai iya yin su kamar su. Amma duk hanyar da kuɗi suke bi, kada a bari hannayensu biyu su haɗu a kanta.

Kafin mu kawo hujja, ya kamata mu tuna wa juna yadda tsarin yake a nan Nijar. Dokar ilimi ta ƙasa mai lamba 98-12, ta ranar 1 ga watan Yuni 1998, ta raba nauyin ɗaukar makarantun gwamnati tsakanin hukuma, da ƙananan hukumomi, da iyalai. Saboda haka iyaye ba baƙi ba ne a harabar makaranta, masu haƙƙi ne kuma masu nauyi. Suna da ƙungiyar iyayen yara, wadda aka fi sani da APE, da ƙungiyar uwaye masu tarbiyya, wato AME. A bisa waɗannan akwai kwamitin tafiyar da makaranta, wanda aka soma kafawa a farkon shekarun 2000 da sunan COGES. Tun 2012 takardun hukuma suna kiransa CGDES, ko da yake bakin jama'a bai saki tsohon sunan ba. A cikinsa ne wakilan iyaye da wakiliyar uwaye suke zama tare da daraktan makaranta.

A shekarar 2004 wani shiri mai suna École Pour Tous, wato makaranta don kowa, ya soma aiki a jihar Tawa da tallafin hukumar JICA ta ƙasar Japan, kuma a 2007 aka shimfiɗa tsarinsa a makarantun firamare na ƙasa baki ɗaya. Darasin da ya fito daga can ba mai wuyar ganewa ba ne. Kwamitin da aka naɗa a zauren mai gari, jama'a ba su cika ba shi ko dala ba. Wanda suka zaɓa da kansu ta hanyar ƙuri'ar asiri, ya kawo musu tsarin aiki a babban taro suka amince, ya dawo ya karanta musu lissafi, shi ne suke ba kuɗinsu da ƙarfinsu. Jarin kwamiti ke nan gaba ɗaya: yardar iyaye. Duk maganar miji da mata a kwamiti, a kan wannan ma'auni za a ɗora ta.

Aikin kuwa ba na wasa ba ne. Kwamiti ne yake tara gudummawa, ya sayi alli da littattafan rubutu, ya gyara teburan zama, ya nemo ruwan sha, ya kuma kafa azuzuwan zana da kara bayan an gama girbi. Ba mu manta da shekarar 2021 ba, lokacin da gobara ta cinye irin waɗannan azuzuwa a Yamai cikin watan Afrilu, sannan a Maraɗi cikin watan Nuwamba, yara ƙanana masu yawa suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙan su, ya ba iyayensu haƙuri. Shawarar inda za a kafa rumfa, da tazarar da za a bari tsakaninta da ta kusa, da ko a yi ta tara kuɗi har a gina aji na ƙasa, duk tana iya biyowa ta hannun mutum shida ko bakwai da suke zaune a kan tabarma ɗaya.

Alherin da ke cikin zaman su biyu

Mu fara da abin da masu goyon baya suke gani, domin gaskiya ne. A cikin al'adarmu gida yana da ƙofa biyu. Namiji iyakarsa zaure. Idan yarinya ta daina zuwa makaranta, ɗan kwamiti zai tsare mahaifinta a ƙofar masallaci ko a majalisa, mahaifin ya ce masa, “To, Malam, za a duba,” magana ta ƙare. Ainihin dalili yana can cikin gida: uwa ce take bukatar mai ɗaukar mata talla, ko an soma zancen aure, ko yarinyar ta balaga kuma makarantar ba ta da makewayi. Wannan labari mace ce kaɗai za ta jiyo shi, a bakin murhu ko wurin daka. Idan wanda ya zauna da uban da wadda ta zauna da uwar suna kwana ƙarƙashin rufi ɗaya, kafin gari ya waye sun haɗa rabin labari da rabi, sun san ta inda za su ɓullo. A watan Disamba 2017 hukuma ta fitar da doka ta musamman domin kare karatun ƴaƴa mata, amma doka ba ta sallama a ƙofar ɗaki. Mutane ne suke yi.

Abu na biyu, matar da mijinta yake cikin kwamiti ta fi samun sauƙin fita taro. Sau da yawa akan zaɓi wakiliyar uwaye, a rubuta sunanta a takarda, shekara ta ƙare ba a ga ƙeyarta ba, saboda maigidanta bai saki jiki da zamanta cikin maza ba. Idan tare za su fita su dawo tare, wannan damuwa ta kau, kujerar mata ta sami mai zama a kanta da gaske.

Tarihinmu ma bai rasa misali ba. Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, matar Giɗaɗo ɗan Laima ce, wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Shi yana riƙe da sha'anin mulki, ita kuma ta tsara ƴan taru, tana horar da jajis da suke komawa ƙauyuka su karantar da mata. Gida ɗaya ya yi wa al'umma hidima ta fuska biyu, kowannensu yana da fagensa da mutanen da suke sauraronsa. A Suratul Baƙara, aya ta 233, an rataya yaye yaro kafin cikar lokaci a kan yardar uwa da uba da shawararsu. Idan har cire jariri daga nono sai an yi shawara tsakanin su biyu, to karatunsa ya fi cancantar haka.

Inda matsalar take

A ƙaddara makaranta tana da yara 300, aka yanke kowane yaro a ba da dala 100 a shekara, wato sefa 500. Idan kowa ya biya, an tara jikka 150. A idon mai kuɗi ba wani abu ba ne, amma a cikinsu akwai kuɗin tsohuwar da ta sayar da kazarta, da na magidancin da ya auna tiya biyu daga rumbu. Tsarin ƙungiya ya raba kula da waɗannan kuɗi tsakanin mutum uku: shugaba yana ba da izinin kashewa, ma'aji yana ajiyewa yana fitarwa, mai binciken kuɗi yana duba su duka biyu. Hikimar ita ce kowannensu ya zama ido a kan ɗan'uwansa. To idan shugaba shi ne maigida, ma'aji kuma uwargidansa, wane ido ya rage?

Matanmu sun riga mu gane wannan. Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, waɗanda suka fara a jihar Maraɗi a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, sun shahara da akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Mabuɗan suna hannun mata uku daban-daban, ba a buɗe akwatin sai a gaban taro. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe masu yawa saboda ya sa matar da ba ta iya karatu ba ta yarda ta ajiye kuɗinta. Amma mabuɗi uku da suke rataye a ƙusa ɗaya, cikin ɗaki ɗaya, mabuɗi ɗaya ne.

Ba muna cewa ma'aurata marasa amana ba ne. Malaman fiƙihun Malikiyya sun warware mana wannan tun da daɗewa. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, littafin da kusan kowane almajirin ilimi a ƙasar nan ya ɗauka a gaban malaminsa, babin shari'a da shaida ya nuna cewa ba a karɓar shaidar miji domin amfanin matarsa, haka ita ma domin amfaninsa, kamar yadda ba a karɓar ta ɗa ga iyayensa. Hukuncin bai ware salihai ba. Ko limamin gari ne da matarsa mahaddaciya, haka abin yake. Dalilin shi ne tuhuma: amfanin ɗayansu amfanin ɗayan ne, don haka maganarsa ba za ta kwantar da zuciyar abokin shari'a ba, ko da gaskiya ya faɗa. Sa hannun ma'aji a ƙarƙashin na shugaba shaida ce cewa kuɗin sun tafi inda aka ce. Idan shari'a ba ta ɗora wa ma'aurata wannan shaida a gaban alƙali ba, me zai sa mu ɗora musu ita a makaranta?

Wannan ƙa'ida rahama ce ga ma'auratan kansu. Ranar da jikka biyar ta ɓace a lissafi, wataƙila don an manta a rubuta kuɗin amalanken da ya ɗauko kara, ma'ajin da ba dangin shugaba ba zai ce kuskure ne, a yarda. Idan matarsa ce, babu rantsuwar da za ta wanke su. Uwargida ta ɗinka sabon zane da kuɗin sana'arta, sai a ce na makaranta ne. Ƴaƴansu su sha gori a wurin wasa. Shekara mai zuwa iyaye su ƙi biya, rumfa ta ƙi kafuwa, yaran gari duka su ɗauki hukuncin laifin da wataƙila ba a ma aikata ba.

Bayan kuɗi akwai maganar murya. A kwamitin mutum shida, gida mai kujera biyu ya riƙe kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'a. Kuma mun san kunyar da aka yi wa matanmu tarbiyya a kanta. Wadda ba ta faɗin sunan mijinta, da wuya ta ɗaga hannu a gaban maza ta saɓa masa. Sai ya zama an zaɓi mutum biyu, amma ra'ayi ɗaya ake ji sau biyu, uwayen da suka tura ta kuma sun rasa bakinsu.

Abin da muke ba da shawara

Na farko, a rubuta a cikin dokokin ƙungiya, tun kafin a san wanda zai tsaya, cewa muƙaman shugaba da ma'aji da mai binciken kuɗi ba za su haɗu a gida ɗaya ba. Wannan ya shafi miji da mata, da kishiyoyi, da uba da ɗa, da wa da ƙane masu ci daga tukunya ɗaya. Ya kuma shafi matar darakta ko mijin darakta, tunda shi ma yana cikin masu riƙe da takardu. Dokar da aka kafa kafin zaɓe ba ta ɓata wa kowa rai. Wadda aka tuno bayan an ƙirga ƙuri'a, wanda ta faɗa kansa zai ɗauke ta cin fuska.

Kada a fahimci cewa matar ce kullum za ta janye. A unguwanni da yawa uwar adashi ta fi kowane namiji iya riƙon kuɗin jama'a, kuma dukiyar mace a Musulunci tata ce, ba ta mijinta ba. Idan ita ce iyaye suka fi amince wa da akwati, a ba ta, maigidan ya ɗauki aikin da babu kuɗi a cikinsa: kula da gini, ko bin sawun yaran da ba su zuwa, ko sasanta iyaye da malamai. Namijin da ya bar wa matarsa kujera saboda ta fi shi dacewa da ita bai rage komi daga girmansa ba.

Na biyu, duk maganar da ta taɓa amfanin gidan, su biyun su tashi su ba da wuri har a gama. Idan maigida magini ne, ko yana sayar da zana, ko uwargida ce take son a ba ta dafa abincin yara, a nemi farashin wasu a gwada, a yanke ba su nan, a rubuta cewa sun fita. Haka nan idan ɗansu ne ya sami saɓani da malami. A ranar su iyaye ne kamar kowa, su bi layin da kowa yake bi. Malamin da ya san mahaifin yaro da mahaifiyarsa duka suna cikin kwamiti, hannunsa yakan yi sanyi wajen ba da maki da horo, kuma yaron ne yake cutuwa a ƙarshe. Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, da ya kafa mutum shida su zaɓi halifa a bayansa, ya bar ɗansa Abdullahi ya halarta domin shawara, amma ya cire shi daga waɗanda za a iya zaɓa. Ba don Abdullahi ya gaza ba.

Na uku, a kare muryar matar. Idan ra'ayi ya rabu a kan magana mai nauyi, a jefa ƙuri'a a asirce ko da a cikin ƙaramin kwamiti ne. Wakiliyar uwaye ta riƙa zama da matan da suka zaɓe ta kafin taro, domin idan ta zo ta ce, “Malam, a gafarce ni, saƙon uwaye ne na kawo, kuma ga abin da suka gani,” kowa ya san ba gardama take yi da mijinta ba. Shi kuma maigida ya sauƙaƙa mata. Kalma ɗaya daga bakinsa a gaban mutane, kamar ya ce, “Hajiya, faɗi abin da ke ranki, nan ba gida ba ne,” ta isa ta kwance mata harshe har ƙarshen wa'adi. Kuma izinin da ya ba ta ranar zaɓe ya ɗauke shi alkawari. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma bai kamata saɓanin daren jiya ya hana uwayen gari wakilci a taron yau ba.

Na huɗu, a tsare sirri. Kwamiti yana jin abubuwan da ba na kasuwa ba: gidan da ya kasa biyan dala ɗari, yaron da yake da farfaɗiya, malamar da aka kawo ƙararta. Ɗan kwamiti guda yakan dawo gida ya yi shiru, domin babu wanda ya san zancen. Ma'aurata kuwa sukan ci gaba da taro a tsakar gida, a kan tuwon dare, yara suna ji, gobe labari ya riga su isa makaranta. Zancen kwamiti sai a ɗaki, bayan yara sun kwanta.

A gidan da akwai mata fiye da ɗaya, hankali ya ƙaru. Fita taro tare da dawowa tare, da doguwar shawara bayan isha'i, duk suna iya shiga haƙƙin wadda take da girki. Maigida ya kiyaye adalci, ya kuma sanar da sauran matan abin da ake ciki gwargwadon abin da ba sirri ba. Wadda aka zaɓa ta sani cewa a makaranta ita uwa ce ga ɗan kishiyarta kamar yadda take ga nata, kuma idon mutane yana kan wannan fiye da komi.

Na biyar, lissafi ya fito fili. Kowace dala da ta shiga ko ta fita a rubuta ta, a ajiye takardar shaidar biya, a karanta wa babban taro da harshen da mutane suke ji, a liƙa kwafi a bangon makaranta. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, alhali sahabbai ne aka fara yi wa magana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan wa'adi ya cika kuma, ma'auratan su ba wasu wuri, kada kujera ta zama gado, miji ya sauka mata ta hau.

Akwai ƙauyen da za a ce mana masu iya rubutu ba su wuce malam da matarsa ba. Ko a nan akwai mafita. Riƙon akwati ba ya bukatar boko. Dattijo ko dattijuwa mai amana tana iya riƙe shi, ɗaya daga cikin ma'auratan ya yi rubutu, a samo mai binciken kuɗi daga wata zuriya, ko da tsohon ɗalibi ne da ya gama kwaleji. Abin da ake nema shi ne kada izini da ajiya da bincike su kwana a gida ɗaya.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, idan an kira taro a makarantar ƴaƴanka, ka je, ka tafi da maiɗakinka, ku zauna har a tashi. Idan jama'a sun nuna ku ku biyu, ku karɓa da godiya, sannan ku zama farkon masu miƙewa ku ce a raba ku da haɗa hannu a kan kuɗi. Idan kuwa maƙwabcinka da matarsa aka nuna, ka faɗi wannan magana a gaban taro cikin ladabi, tun ba a jefa ƙuri'a ba. Ta fi gunagunin da za ka yi shekara kana yi a majalisa.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu ikon riƙe amanar da aka ɗora mana, ya sanya albarka a karatun ƴaƴanmu maza da mata. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba haƙƙin malamin makaranta a kan iyayen yara. Wassalamu alaikum.